Jifan Sallama na Ovidio Cantillo

Migdalia tana cikin yi wa mijinta aski a bayan gida, ƙarƙashin bishiyar mangwaro, aka ƙwanƙwasa ƙofar gaba. Ta ajiye reza, ta goge masa kumfa da tawul, ta ɗauko rigarsa daga kan igiya. Hannun dama ta fara zura masa, a hankali kamar mai sa wa jariri riga, sannan na hagu, ta ɓalla masa maɓallai har wuya.

"Rabin fuska kika aske mini," in ji Ovidio.

"Sai ka juya musu rabin mai kyau. Je ka, tsoho."

Argelio Pupo ne, sakataren kwamitin wasanni na lardi, da farar riga mai aljihu huɗu da gumi a goshi. Ya miƙo hannu tun daga nesa. Ovidio ya yi abin da ya saba yi wa kowa: ya bar hannun dama a aljihu, ya rungume baƙon da na hagu yana bubbuga masa baya.

"Adda! Gwarzon lardi!" in ji Argelio, ya zube kan kujera mai lilo. "Albishirinka. Kwamiti ya zauna ya yanke shawara. Lahadin nan, kafin a fara wasa, za a yi maka bikin sallama a babban fili. Keken doki zai zaga da kai, makaɗa za su zo, akwai takardar yabo, akwai kuma wata 'yar kyauta da ba zan faɗa ba."

"Fanka ce," in ji Migdalia, tana shigowa da kofi a tire. "Kowa fanka kuke ba shi."

Argelio ya yi dariya har kujerar ta yi ƙara. "Uwar gida, ba a ɓoye miki komai. To, ga babban abin. Bayan jawabi za ka hau tudu ka yi jifa ɗaya. Mun yi magana da abokin wasanka Nicanor, shi zai tsuguna ya cafke maka kamar da. Jama'a na son su sake ganin hannun nan ko da sau ɗaya ne."

Ovidio ya ji matarsa ta tsaya cak a bayansa. Bai waiwaya ba.

"Ba matsala," ya ce.

A ƙasarmu Kyuba in an ce ƙwallo, ƙaramar nan ake nufi, fara mai jan ɗinki, wadda mutum ɗaya ke hawa kan tudu ya jefa, abokinsa na tsugune can gaba da safar fata yana jiran ya cafke, abokin gaba kuma na tsaye da sanda yana neman ya make ta. Duk wanda ya girma a lardinmu ya san cewa a cikin waɗanda suka taɓa hawa tudun nan ba a yi kamar Ovidio Cantillo ba.

A unguwar leburorin masana'antar sukari ta San Anselmo aka haife shi. Ubansa mai saran rake ne, shi ma ya sara. Da ɗanyen lemun tsami ya koyi jifa, yana saitin ginshiƙan shinge a kan hanyar gona, har wani malamin motsa jiki ya gan shi ya kai shi makarantar wasanni a babban birnin lardi. Can ya fara kwana a gado shi kaɗai. Bai cika shekara ashirin ba ya shiga gasar ƙasa. Yana da wani jifa da ƙwallon ke tahowa daidai ƙirjin mai sanda, sai ta sunkuya farat ɗaya ta wuce ta gwiwa, yadda ake sare rake daga gindi. Shi ya sa aka sa masa Adda. Ya sa rigar ƙasa, ya ga Japan, ya ga Holan. A wani otal a can wani mutum mai turare ya ja shi gefe ya ce akwai mota a ƙofar baya, in ya shiga zai farka a duniyar da hannunsa zai yi daraja. Ovidio ya saurare shi har ƙarshe don ladabi, sannan ya fita ya sayo 'yan takalman jarirai, don Migdalia na da ciki a lokacin. Ya dawo gida.

Abin da aka yi da hannun bayan nan kowa ya gani, a gaban idonmu aka yi. Mai jifa in ya yi cikakken wasa yana bukatar kwanaki kafin kafaɗa ta huce. Amma lardinmu ba shi da masu jifa da yawa, don haka wanda ya iya shi ake tatsa. Ya gama wasa ranar Alhamis, ranar Asabar a shiga matsi, koci ya taho ya dafa shi ya ce, "Adda, yaya hannun?" A ƙasar nan kuwa amsa ɗaya ce aka yarda namiji ya bayar: "Ba ni ƙwallon." Da ciwo ya fara, akwai wani ɗaki a ƙarƙashin bencin 'yan kallo, akwai Eusebio mai tausa da gwangwaninsa na allura. A soka a kafaɗa, ciwo ya yi barci, mutum ya hau tudu. Mu kuma muna sama muna tafi. Mazantaka muka kira abin. Masu sharhi a rediyo suka yi ta cewa hannunsa na ƙarfe ne, kamar ba uwa ce ta haife shi ba. Har yau in ka tada maganar a majalisar 'yan ƙwallo ta dandalin gari, sai a ɗaga kafaɗa a ce haka aka saba, a koma musun wa ya fi wa bugu.

Da ya daina wasa ba a yi masa komai ba, sai yanzu bayan shekaru aka tuna. A tsakanin nan hannun ya gama lalacewa. Ba ya ɗaguwa ya wuce ƙirji, gwiwar hannun ba ta miƙewa, yatsu biyu ba sa jin komai. Yana iya riƙe cokali, yana iya ɗaukar jaka mara nauyi, shi ke nan. Da hagu yake buga domino, in an yi masa tsiya ya ce dukiyar ƙasa yake hutarwa. Daga Migdalia sai 'yarsu Yaneisy suka san gaskiya. Ko kuwa mu ce su kaɗai suka yarda su sani, don a gari irin San Anselmo, inda ake sanin abin da maƙwabci ya dafa daga ƙamshi, mutum ba ya shekaru da hannu a aljihu ba a lura ba. An lura. Ba a dai so a tambaya ne.

Ranar Alhamis da la'asar Ovidio ya sa ƙwallo a aljihu ya nufi bayan gari, gidan Nicanor Leyva. Tun farkon wasansa har ƙarshe Nicanor ne ke tsuguna masa. Yanzu kaji yake kiwo da 'yan aladu, ya yi tumbi, yatsunsa duk sun karkace kamar citta saboda dukan ƙwallo.

"Kai Dogo, mene ne wannan a aljihunka kamar ɓarawon ƙwai?"

"Rufe mini baki, Mai Tumbi. Ɗauko safarka mu zaga baya."

"Au, gwaji za mu yi? Kai da ba ka taɓa son gwaji ba ko lokacin da kake da gashi?"

Suka shiga bayan itatuwan ayaba inda ba mai gani. Nicanor ya auna tazarar da ido, ya kife bokiti ya zauna a kai, ya buga safar da dunƙulallen hannu. Wannan ƙarar ta shiga ƙirjin Ovidio kamar muryar wani da ya daɗe da rasuwa. Ya juya ƙwallon a yatsu har ya sami ɗinkin. Ya ja numfashi, ya ɗaga ƙafa, ya jefa.

Wuta ta tashi daga kafaɗarsa har cikin haƙora. Ƙwallon ta faɗi a kunyar dankali, ko rabin hanya ba ta kai ba, wata kaza ta yi tsalle tana kuka.

Nicanor bai yi dariya ba, abin da ya fi komai ciwo ke nan. Ya tashi da ƙyar ya ɗauko ƙwallon, ya goge ƙasar a wandonsa, ya kawo.

"Sake."

Na biyun ya fi muni. Ovidio ya durƙusa yana riƙe da kafaɗa, ido a rufe, har zafin ya lafa.

"Tafin hannuna ya san wani abu tun shekararmu ta ƙarshe," in ji Nicanor a hankali. "Jifanka ya daina cizo. Amma wallahi ban san abin ya kai haka ba."

"To yanzu ka sani."

"Mu yi dabara. Zan matso gaba kaɗan. Wa zai auna?"

"Wa zai auna? Ko 'yar tsohuwar da ke sayar da gyaɗa a bakin fili ta san tazarar nan. Kuma sai ka matso har ina? Har cikin aljihuna?"

"To ka ce ba ka da lafiya. Ka ce gudawa."

"A yi mini biki a ce Adda ya gudu saboda gudawa?"

Nicanor ya koma kan bokitinsa. Iska na ta kaɗa ganyen ayaba.

"Eusebio na nan da rai?" in ji Ovidio.

Nicanor ya dube shi ya daɗe. "Yana nan. Yana zuwa fili duk ranar wasa, ya zauna a ɗakinsa na da kamar ba a sallame shi ba." Ya cire safar ya ajiye a cinya. "Dogo, ba na son wannan maganar."

"Ban tambaye ka abin da kake so ba. Ka gaya masa Lahadi, kafin a fito da keken doki."

Nicanor ya gaya wa Eusebio. Ya kuma gaya wa matarsa, ita kuma ta haɗu da Migdalia a layin burodi, Migdalia ta aika wa 'yarta. Saboda haka ranar Asabar da rana, ana zaune kan shinkafa da baƙin wake da rogo mai tafarnuwa, sai ga Yaneisy ta sauko daga motar haya da kayan aikinta a jiki. A sashen gashin ƙashi take aiki a asibitin lardi, ita ce 'yar da aka sayo wa takalma a Holan. Ba ta ko zauna ba.

"Baba, gaskiya ne allura za ka yi?"

"Sannu da zuwa. Zauna ki ci abinci."

"Na ga hoton kafaɗarka da idona. Jijiyar da ta rage siririya ce kamar zare. Ciwon nan da kake tsana, shi ne ke tsaronta, shi ke hana ka wuce iyaka. In aka kashe shi ka yi jifa da ƙarfinka za ta tsinke, kuma ba mai ɗinke ta a shekarunka. Hannun zai koma yana reto kamar igiya. Ko cokali ba za ka ɗaga ba."

"Jifa ɗaya ne, 'yata."

"Ɗaya ne ya rage mata!"

Ovidio ya ture farantinsa. "Ke ba ki gane ba. Mutanen nan sun san Adda. Akwai waɗanda suka sa wa 'ya'yansu sunana. In suka ga ƙwallo ta faɗi a ciyawa tana birgima, shi ke nan abin da za su riƙa tunawa. Duk abin da na yi a baya zai zama labari, wannan kuwa da idonsu suka gani."

"Su gani mana! Su ne suka yi ta ihu a bar ka a tudu kana haki. Sun cinye hannun, yanzu sun dawo da fanka suna son ƙashin ma su gwaigwaya."

"Yaneisy," in ji uwarta. "Ya isa. Je ki wanke hannu."

Ta fita bayan gida tana share ido da bayan hannu. Migdalia ta jawo kujerarta kusa da mijinta. Ta ɗauki hannun damansa ta ɗora a cinyarta, tana murza yatsun nan biyu da ba sa ji, kamar yadda take yi in suna sauraron rediyo.

"Ni ba zan hana ka ba, tsoho. Ban taɓa iya hana ka hawa tudun nan ba. In ya tsinke, zan ba ka abinci a baki, zan yi maka wanka, ba za ka ji na yi tsaki ba. Ka san haka."

"Na sani."

"Amma ka tuna ranar da ka zo gidanmu gaishe da babana? Ka miƙo mini hannun nan, jiƙe sharkaf da gumi kamar an tsoma shi a ruwa. Na ce a raina, wannan dogon da ake cewa ba ya tsoron kowa, ashe ni yake tsoro. A kan wannan na aure ka. Ban taɓa gane jifan nan naka ba, ni duk iri ɗaya nake ganinsu." Ta matse hannun kaɗan. "Lardi ya ci rabonsa. Ragowar nan tawa ce. Abin da na sani ke nan."

Ya zura wa bango ido, inda hotonsa yake rataye yana matashi, ƙafa a sama, hannu a bayan kunne. Da safiyar Lahadi ta fito da tsohuwar rigar wasansa, wadda ta wanke ta goge, ta sa masa.

Ɗakin da ke ƙarƙashin benci bai sauya ba: warin man zafi, gadon tausa mai yagaggiyar leda, ƙura na zubowa daga sama duk lokacin da 'yan kallo suka buga ƙafa. Fili ya cika tun hantsi, ana jin ganguna. Eusebio na zaune da gwangwaninsa a cinya, ya tsufa ƙwarai, tabarau mai kauri a hanci.

"Adda na kaina," ya ce. "Tuɓe mini kafaɗar."

A nan aka sami matsala, don Ovidio ba ya iya tuɓe riga shi kaɗai. Nicanor ya matso, da sulken ƙirjinsa na da wanda yanzu ba ya rufe tumbin, ya hau kokawa da maɓallai da karkatattun yatsunsa.

"Wa ya ɗinka wannan abin? Ramin ya fi idon allura ƙanƙanta."

"Yatsunka ne kamar doya. Bari, za ka tsinke mini."

"Tsaya cak mana! Haka kake yi wa Migdalia kullum? Matar nan aljanna za ta."

Da ƙyar suka zame hannun rigar. Kafaɗar ta fito, ta lotsa, ta fi 'yar'uwarta ƙanƙanta, fatar wurin duk ɗigo-ɗigon tabo. Eusebio ya kai babban yatsa ya lalubo wurin ba tare da ya duba ba.

"Nan ne. Ko a makance zan same shi." Ya buɗe gwangwani, ya zuƙi ruwan maganin, ya ɗaga allurar sama yana ƙyasta ta da farce.

Ovidio ya kalli bango, yadda ya saba. Don ya ɗauke hankalinsa daga tsinin ya ce, "Har yanzu ana yi wa 'yan wasa?"

"Me zai hana? Wani ne dai ke yi, ni an ce hannuna na rawa. Wanda zai yi jifa yau ma an yi masa tun da safe, gwiwar hannunsa ta kumbura kamar gwanda." Eusebio ya goga auduga a fatar. "Wasu sukan yi gardama, ka san na yanzu da tsoro. Sai a ce musu, Adda ma nawa aka yi masa? Ga shi can garau yana yawo a gari. Da sun ji sunanka sai su miƙo hannu."

Sama, ganguna suka ƙara ƙarfi. Ovidio ya ji sanyin audugar a kafaɗarsa. Duk shekarun nan yana zaton abin da yake ɓoyewa a aljihu nasa ne shi kaɗai, kunyarsa ce, ba ta shafi kowa ba. Ashe a ɗakin nan da sunansa ake lallashi. Ashe duk gaisuwar da ya yi da hagu, duk tsiyar da ya mayar a teburin domino, shaida yake bayarwa.

"Garau," ya ce.

"Eh mana. Saki jikinka."

Ovidio ya sa hannun hagu ya riƙe wuyan hannun tsohon, a hankali, ya kawar da shi.

"Mayar da ita gwangwani, Eusebio. Na gode. Mai Tumbi, zo ka mayar mini da rigata."

"Kai dai ka cika wahalar da mutane," in ji Nicanor, amma wannan karon bai yi ƙorafin maɓallai ba.

An zaga da shi fili a keken doki, jama'a a tsaye suna kiran "Adda! Adda!", yana ɗaga musu hula da hagu. Argelio ya yi jawabi mai tsawo a lasifika, ya ambaci hannun ƙarfe har aka gaji. Aka miƙa takardar yabo. Aka miƙa fanka a kwali. Sannan makaɗa suka yi shiru, alƙalin wasa ya kawo sabuwar ƙwallo, Nicanor ya sauka a kan gwiwoyinsa a wurinsa na da, ya buɗe safa.

Ovidio ya hau tudun. Ƙasar ta karɓi ƙafarsa kamar jiya ya bar ta. A gefen hagu 'yan wasan lardi sun jeru a bakin rumfarsu, huluna a ƙirji. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya fuskanci Nicanor.

Ya haɗa hannaye a ciki. Ya ɗaga ƙafar hagu har gwiwa ta kusa taɓa haɓa, tsaf kamar a hoto, fili ya ɗauki sowa, tsofaffi na dafa juna. Ya taka gaba. Hannun dama ya taso, ya kai ƙirji, ya tsaya.

Bai sauke shi ba. Ya bar shi a nan, a lanƙwashe, yana rawa, ya yi ta ƙoƙarin ɗaga shi a gaban kowa, haƙora a cije, hannun ya ƙi. Ya juya a hankali ta wajen rumfar 'yan wasa don su ma su gani da kyau. Sowar ta fara mutuwa daga benci na ƙasa, ta hau sama. Sai ya sauke hannun, ya lilo shi daga ƙasa kamar mai watsa wa kaji tsaba, ya saki ƙwallon. Ta tashi kaɗan, ta faɗi a ciyawa, ta yi birgima, ta tsaya a tsakiyar hanya.

Wani can sama ya yi 'yar dariya, ya haɗiye ta. Argelio na ta yi wa makaɗa alama da hannu, amma mai ƙaho ya sauke ƙahonsa yana kallo. Ovidio ya tsaya a tudu, kunnuwansa na zafi. Abin da ya ji tsoro ya faru, kuma ya yi ciwo daidai yadda ya zata, ba ragi.

Nicanor ya dubi ƙwallon. Mai cafka ba ya barin ƙwallo a ƙasa, wannan a jininsa yake. Ya yunƙura zai tashi, gwiwoyi suka ƙi. Ya sake yunƙurawa ya koma. Sai kawai ya kama rarrafe, da tumbinsa da sulkensa, a gaban dubban mutane, har ya kai gare ta ya kife safa a kanta. Ya ɗaga ta sama yadda ake nuna wa alƙali cewa an cafke. Daga nan kuma ya kasa tashi.

Ovidio ya sauko da sauri. Ya sunkuya, ya miƙa masa hannun dama ba tare da tunani ba, Nicanor ma ya kai nasa zai kama. A cikin shirun nan murya ɗaya ta tsaga fili daga benci na gaba, muryar da duk San Anselmo ta sani daga layin burodi:

"Da hagu, tsoho! Da hagu! Kai kuma Nicanor, in ka ja masa hannun nan sai na ci mutuncinka!"

Dariya ta ɓarke, irin wadda ke fitowa tare da hawaye. Tafi ya biyo baya, ba irin na da ba, mai nauyi ne, ba ganga ba kirari. 'Yan wasan rumfa ba su tafa da wuri ba. Wasu cikinsu ƙasa suke kallo.

Ovidio ya sauya hannu. Ya ja, Nicanor ya yi nishi, suka yi tangaɗi kamar mashaya har suka tsaya da ƙafafunsu, kowa na riƙe da ɗan'uwansa.

"Ka taɓa yin wanda ya fi wannan muni," in ji Nicanor yana haki. "A wasanmu na birnin Habana. Ka jefi mai sayar da kofi."

"Kai ka yi mini alamar jifan banza da yatsu ranar."

"Ƙarya kake, Dogo."

"Taka a hankali. Riƙe ni ta nan ɓangaren."

Suka nufi bakin fili, inda Migdalia da Yaneisy suka riga suka ture mai gadi suka shigo ciyawa.